Kumatun da Na Yi Alfahari da Su

Assalamu alaikum, Edita. Na daɗe ina karanta wannan shafi naku ina girgiza kai a kan wautar mutane, kamar mai duba jarrabawa da jan biro a hannu. Yau ga tawa takardar, sai ku duba.

Lokacin da abin ya faru, ni malamar makaranta ce da ba ta daɗe da ajiye alli ba. Na yi shekaru ina koyar da kimiyya a ƙananan azuzuwan sakandare a wani gari na ƙasar Zazzau, kuma idan akwai abin da nake taƙama da shi, to zanen zuciya ne. Ina iya zana ta a allo ba tare da na leƙa littafi ba, ɗakunanta huɗu, biyu sama biyu ƙasa, gefe ɗaya da jan alli, ɗayan da shuɗi, sannan in sa mata huhu dama da hagu, in kewaye su da haƙarƙari. A wurina ƙirji ke nan, an gama. Iyakar abin da manhaja ta nema ke nan, ni kuma ban taɓa matsa wa manhaja da tambaya ba.

Mijina kuwa ya daɗe yana aiki a Makka, a wani kamfani da ke kula da na'urorin sanyaya ɗaki na otal-otal, waɗanda a can ake kira mukayyif. Rabin aurenmu a waya aka yi shi, sauran rabin a hutun shekara. Mutum ne dogo, siriri, mara yawan magana, wanda idan ka tambaye shi lafiya zai ce alhamdu lillahi ko da rufin ɗaki ne ya faɗo masa. Ina ce masa Injiniya, yana ce mini Farfesa, kowa na tsokanar ɗan'uwansa da muƙamin da ya fi ƙarfinsa. Duk sanda ya zo hutu, mahaifiyarsa, wadda duk muke kira Inna, sai ta kama tsintsiyar hannunsa ta juya ta, ta tambaye shi ko a Makka da zamzam kaɗai ake biyan albashi. Da Allah ya sa takarduna suka fito zan je in zauna da shi, muka bar yara wurin mahaifiyata saboda karatu, Inna ta haɗa mini kaya kamar zan buɗe shago: daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, yaji, man shanu a galan. A bakin mota ta riƙe mayafina ta ce ba ta son dabino, ba ta son carbi, abu ɗaya take so, ta ga ɗanta ya yi kumatu kafin ta koma ga Allah. Na ce ta ɗauka an gama. Ban taɓa karɓar aiki da muhimmanci irin wannan ba.

Muka zauna a unguwar Utaibiyya, a hawa na biyu na wani tsohon gida mai ƙunƙuntar matakala. Mai gidan wata dattijuwa ce haifaffiyar Makka, wadda kakanninta suka taso daga ƙasar Hausa da ƙafa don aikin hajji, suka iso, ba su koma ba. Kowa a layin Hala yake ce mata, wato gwaggo. Hausarta tsohuwa ce, irin wadda na daina ji tun rasuwar kakata, ga ta cuɗe da Larabci har ba ka sanin inda ɗaya ya tsaya ɗayan ya fara. Ta ɗauke ni 'ya tun ranar farko, tana ce mini ya binti, ta koya mini dafa shinkafar kabsa da yadda ake zaɓar gurasar tamis mai zafi a wurin mai gashi, ni kuma na tuna mata ɗanɗanon miyar kuka, ta ci tana hawaye tana cewa yaji ne. Tsakanina da ita muka sa Injiniya a gaba. Da safe waken ful da tamis, da rana abin da na ƙunsa masa ya tafi da shi wurin aiki, da yamma tuwo da man shanu yana yawo a saman miya. Yana ci yana murmushi, wani lokaci ya ce Farfesa, ai ba gobe za a yanka ni ba. In ce ya ci dai, umarni ne daga sama, wato daga Inna.

Bayan wasu watanni sai aiki ya fara nuna kansa. Fuskarsa ta ciko. Ramukan nan biyu na kuncinsa da na sani tun muna saurayi da budurwa suka shafe, wuyansa ya yi kauri har maɓallin jallabiyarsa na sama ya daina shiga. Ranar da Inna ta gan shi a kiran waya mai hoto, sai da ta rangaɗa guɗa, ta kira maƙwabta su zo su gani, ta sa mini albarkar da ban taɓa jin irinta ba, har da jikokin da ban haifi iyayensu ba tukuna. Abokan aikinsa suka fara ce masa mudir, wai ya yi wuyan manaja. Hala ta ce masha Allah sau uku, ta umarce ni in riƙa tofa masa addu'a saboda ido, don a cewarta mutanen layin nan ba su iya ganin abu mai kyau su yi shiru ba. Ni kuwa, Edita, ban ɓoye muku ba, tafiyata ma ta canza. Duk wanda ya san mu ya san abin da cikar fuska take nufi ga mutumin da ke ƙasar waje: ya samu, hankalinsa ya kwanta, matarsa ta iya. Hotonsa nake tura wa 'yan'uwa ko ba su tambaya ba.

Akwai abubuwan da na gani, kuma kowanne na nemo masa bayani, domin malami ba ya rasa bayani. Fuskar ta fi cika da safe, har fatar idonsa ta yi nauyi, zuwa la'asar ta ɗan sauka. Na ce barci ne mai daɗi. Ya fara wani busasshen tari. Na ce mutumin da ke wuni tsakanin sanyin mukayyif da zafin titin Makka dole ya yi tari, shi ma ya ce haka ne. Ya ƙara matashin kai, sannan ya sake ƙarawa, har ya zama kusan a zaune yake barci. Na ce ƙiba ce, ba ta zuwa ita kaɗai. Muryarsa ta dushe. Na dafa masa citta da kanumfari. Abin da ya fi ba ni kunya idan na tuna shi ne wandonsa. Ni da hannuna na ga zariyar tana ƙara tsawo, ƙugun yana raguwa a daidai lokacin da wuya ke ƙaruwa. Na tsaya na yi tunani, na kuma yanke hukunci cewa ƙiba daga sama take farawa ta gangaro, kamar ruwan wanka. Da ɗalibi ne ya rubuta mini wannan amsa, da sai na kira iyayensa.

Sallarsa ma ta canza. Shi mutum ne mai doguwar sujada, irin wadda har kake leƙawa ka ga ko lafiya. Sai na lura yana taɓa goshi ya ɗago da sauri, ya zauna yana lumshe ido. Da na yi magana ya ce gwiwa ce, matakalar otal-otal ta fara karɓar hakkinta. Na yarda, na sayo man zafi. Sau ɗaya dai zuciyata ta ɗan tsinke, na ce ya je a duba shi. Ya je ɗakin shan magani na kamfani, aka auna jininsa aka ce daidai, aka manna masa wayoyin nan a ƙirji, takarda ta fito da layukanta, aka ce zuciya lafiya lau. Ya dawo ya miƙa mini takardar ya ce Farfesa ta duba da kanta. Na duba kamar na iya karantawa, na ce to, zuciya lafiya, huhu kuma tarin sanyi ne, me ya rage a ƙirji? Na koma kicin da kwanciyar hankali.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, mukayyif ɗin ɗakin Hala ya tsaya, ga zafi kamar an buɗe murhu. Ta ƙwala kira daga ƙasa, wai ina amfanin Injiniya a gida idan tsohuwa za ta dahu a ɗakinta. Na ga ya ɗan yi jim, ya ce ko a bari gobe ya turo wani daga wurin aiki. Ni ce na ce haba, don Hala? Ya ɗauki jakar kayan aikinsa muka sauka tare. Na'urar tana can sama kusa da rufi. Ya taka kujera, ya ɗaga hannuwansa biyu yana kwance murfin, ni ina riƙe da kujerar ina kallonsa daga ƙasa. Ban san yadda zan kwatanta muku ba. A gaban idona fuskarsa ta riƙa yin duhu tana kumbura, jijiyoyin wuyansa suka miƙe kamar igiyoyi, idanunsa suka yi jajir suka firfito, numfashinsa ya koma wani siririn fito. Na kira sunansa, sunansa na gaskiya, wanda ban taɓa faɗa a gaban mutane ba. Ya saki hannuwan, ya sulalo ya zauna a ƙasa ya jingina da bango, kuma a hankali duhun ya fara washewa, kamar an cire toshiya.

Hala ce ta fara magana. Ta ce wannan ba ƙiba ba ce, ba kuma ido ba ne, ita ba ta san ko mene ne ba, amma ba ta son shi. Ta tsare shi da tambaya, da Hausa da Larabci, har ya faɗi abin da ya ɓoye. Ashe ya yi watanni ba ya iya aikin sama, abokansa yake roƙo su hau, shi ya tsaya a ƙasa yana miƙa musu kaya. Ashe ba gwiwa ba ce, idan ya yi sujada ji yake kansa zai fashe. Ashe tuwon ma da ƙyar yake wucewa, sai ya kora kowace loma da ruwa, shi ya sa yake zama da kofi a kusa. Na tambaye shi don me, don girman Allah, bai faɗa mini ba. Ya ce da farko tsoro ne, kada kamfani ya ce ba shi da lafiyar aiki, a ƙi sabunta masa igama, wato takardar zama, mu tattara mu koma. Sannan ya sunkuyar da kai ya ce, kuma tun da muka yi aure bai taɓa ganina cikin farin ciki irin na watannin nan ba, ga Inna tana guɗa, shi wane ne da zai ce a tsaya. Na rasa abin da zan yi, in rungume shi ko in kwaɗa masa murfin mukayyif ɗin. Ya fara cewa a bari bayan Asabar, Hala ta ce halas, mustashfa, asibiti yanzu, ta yafa baƙar abayarta a kan kayan gida, ta fita titi ta tare mota da kanta.

A asibiti aka ɗauki hoton ƙirji, aka sake ɗaukar wani a cikin na'urar nan mai kama da bakin rijiya. Likitan da ya zauna da mu ɗan Sudan ne, dattijo, mai magana a hankali. Da ya ji an ce ni malamar kimiyya ce sai ya juyo da allon kwamfutarsa wajena, ya ce to, madalla, zan gane da sauri. Ya nuna huhu biyu, baƙaƙe, lafiyayyu. Sannan ya sa yatsa a farin da ke tsakaninsu, ya ce wannan wuri ya kamata ya zama siriri daga sama, ga shi ya yi faɗi. Ya ce tsakanin huhun dama da na hagu, daga bayan ƙashin ƙirji zuwa ƙashin baya, akwai wani fili kamar zaure, kuma zuciya ba ita kaɗai ke zaune a ciki ba. Ita tana ƙasa, cikin jakarta ta tantani, a tsakiya take, ƙasanta ne kawai ya karkata hagu. A samanta babbar jijiyar da ke fitar da jini ta lanƙwasa kamar baka ta juya baya. Bututun iska ya sauko ta nan ya rabu biyu, bututun abinci na bin bayansa, ga siraran jijiyoyin da ke motsa murya, ga 'yan kaluluwa birjik, kowa a matse da kowa. A gefen dama kuma akwai wata babbar jijiya wadda duk jinin kai da wuya da hannuwa ta cikinta yake komawa zuciya, ba shi da wata babbar hanya sai ita.

Wani ƙari ne ya tsiro a cikin wannan zaure, ya ce, kuma wuri ne da ba ya faɗaɗa, ƙashi gaba ƙashi baya, don haka duk wanda ya shigo sai ya danne wani. Jijiyar da ke fitar da jini bangonta kauri ne, ba ta dannuwa da sauƙi. Wadda ke dawo da shi kuwa laushi ce, ita ta fara miƙa wuya. Ya tambaye ni ko na taɓa ganin tashar Kudai a lokacin aikin hajji, idan motoci na ta shiga amma hanyar fita ta toshe. Na ce na gani. Ya ce to haka kan mijina yake: jini na hawa, saukowa ta gagara, shi ne ya taru a fuska da wuya. Idan ya kwanta ko ya yi sujada abin ya ƙaru, idan ya ɗaga hannu biyu mashigar ta ƙara tsukewa. Tarin, dushewar murya, wuyar haɗiya, duk maƙwabta ne da aka takura. Zuciyar kanta kuwa ba abin da ya same ta, waɗanda suka auna ta ba su yi ƙarya ba. Na tambaye shi, wato kumatun nan ba nama ba ne? Ya ce jini ne da ruwa, 'yar'uwa, mijinki ramewa yake yi. Sai na ji Injiniya daga kan gado, da dusasshiyar muryarsa, yana cewa likita ya yi a hankali, aikin Farfesa ne yake rushewa.

Aka kwantar da shi, kansa a ɗage. Ƙarin ruwa ma a ƙafa aka sa masa, saboda hanyar hannu ita ce a toshe. Aka tsira allura ta gefen ƙashin ƙirji aka ɗebo ɗan yanki, yana farke, domin sun ce idan aka sa shi dogon barci a kwance ƙarin zai iya danne bututun iska gaba ɗaya. Jiran sakamako shi ne mafi tsawon zaman da na taɓa yi. Ina zuwa Harami in zauna ina kallon masu ɗawafi, in rasa addu'ar da zan yi sai ta a buɗe masa hanya, ita kaɗai nake maimaitawa. Da sakamako ya fito aka ce ciwon daji ne na kaluluwa. Likitan ya ce a cikin miyagun baƙi wannan yana daga masu jin magani, amma bai ɓoye mana ba cewa ya girma fiye da yadda yake so ya same shi, kuma jijiyar ta daɗe a danne har jini ya fara daskarewa a cikinta. Bai ce laifin kowa ba ne. Ni dai na san watannin da na yi ina ɗaukar hoto.

Aka fara magani, irin wanda ake ɗurawa a jijiya lokaci-lokaci, mai kayar da mutum ya tashi ya sake kayar da shi. Abin mamaki, ba a daɗe ba fuskar ta fara saɓewa. Ramukan kuncinsa suka dawo, suka zarce yadda na san su. Gashin kansa ya zube, gemun ya bi, har gira. Abinci ya zama abokin gaba, mutumin da na yi wa tuwo da man shanu ya koma kunu cokali-cokali, shi ma sai da lallashi. Hala ta karɓe kicin ɗina ba tare da ta nemi izini ba, tana hawa matakalar nan da gwiwoyinta masu ciwo, tana yi masa faɗa wai namiji har namiji kunu ya gagare shi. Kamfanin da yake tsoro kuwa bai kore shi ba. Da ya ɗan samu ƙarfi suka mayar da shi ɗakin ajiyar kaya, inda ba hawa ba ɗaga hannu. Abin da ya ɓoye ciwo dominsa bai ma faru ba.

Saura Inna. Ya roƙe ni kada a gaya mata, saboda hawan jininta. Sai ya riƙa sa hula ya naɗa ƙyalle idan za su yi waya, yana cewa sanyin wurin aiki ne. Amma kumatu ba su ɓoyuwa. Na ga fuskarta tana canzawa mako bayan mako. Ba ta zage ni ba, Inna ba ta zagi, sai dai ta tambaye ni a hankali ko daddawar ce ta ƙare, ko kuwa na samu ƙawaye ne a Makka. Ta aiko da wani ƙullin kuka da man shanu ta hannun masu zuwa umara, ba saƙon gaisuwa a ciki. Na haɗiye, don ina ganin na ci albarkar da ba tawa ba, to in ci zargin da ba nawa ba, a yi ragas. Hala ce ta gaji. Wata rana muna waya ta karɓe ta daga hannuna, ta gaishe da Inna da tsohuwar Hausarta, ta ce ita ma uwa ce, kuma uwa ba a yi mata haka, ta faɗa mata komai tiryan-tiryan. Inna ta saurara har ƙarshe. Can ta ce a ba ta 'yarta. Ta ce mini ita ce ta roƙi kumatu, Allah ya nuna mata kumatu, yanzu ta janye, numfashi take roƙo, ko da zai dawo kamar sillen kara. Ta ce in yafe mata. Na ce ni ce mai neman yafiya. Muka yi ta jayayya a kan wanda ya fi laifi muna kuka, har mara lafiyan ya ce idan mun gama rabon, a ajiye masa nasa kason, don shi ne ya yi ƙaryar gwiwa.

Allah ya yi mana rahama. Bayan an kammala magani aka sake hoto, likitan ya juyo mini da allon, farin nan na tsakiya ya koma siriri. Na daɗe ina kallonsa. Ban taɓa ganin abu mai kyau kamar wannan ƙunƙuntar ba. Amma jinkiri ya bar tabonsa. Jijiyar ba ta koma yadda take ba, ya daɗe yana shan maganin tsinka jini, kuma har yau idan ya yi aikin wahala wuyansa kan ɗan tasa. Muryarsa ba ta dawo duka ba, mutumin da dama ba ya son magana ya samu hujja. Sana'ar da ya ƙware a kai, ta hawa sama ya gyara, ta wuce shi, kuma na san yana kewarta ko da bai faɗa ba, don nakan kama shi yana sauraren ƙarar mukayyif ɗin maƙwabta yana faɗin abin da ke damunsa. Muna komawa asibiti lokaci-lokaci a duba, kuma duk ranar da za mu je ba na iya karyawa. Likitan ya ce kowace shekara da ta wuce lafiya, tsoron na raguwa. Ina jiran ranar da zuciyata za ta ji wannan bayani.

Na yi tunani mai yawa a kan yadda mutum huɗu masu ƙaunar mutum ɗaya, har da shi kansa, suka taru suka yi wa ciwo guɗa. Ba jahilci ba ne kaɗai, don a cikinmu akwai mai takardar shaidar koyarwa. Abin da muke so mu gani ne ya zo, sai muka ƙi tambayarsa daga ina yake. Shi kuma ya ga muna murna, ya ga bai kamata ya ɓata mana ba. Masu kawaici irin mijina suna da yawa a ƙasar nan, a gine-gine da otal-otal da shaguna, kowa na tsoron takardar zama, kowa na son a ce a gida ya samu. Sun iya ɓoye ciwo fiye da yadda suka iya ɓoye kuɗi.

Don haka ina kira ga 'yan'uwana mata, na nan da na gida masu ganin mazansu ta waya, da iyaye masu auna lafiyar 'ya'yansu da faɗin fuska. Ƙiba ba ta zaɓar wuri ɗaya. Idan fuska da wuya suna cika jiki na raguwa, idan kumburin ya fi yawa da safe, idan jijiyoyi sun fito a wuya ko a ƙirji, idan mutum ya kasa kwanciya sosai ko ya kasa sunkuyawa, ko tari da dushewar murya sun ƙi tafiya, wannan ba na citta ba ne, ba kuma na man zafi ba. Kada a ce an auna zuciya an ce lafiya a koma gida a zauna. Ƙirji ya fi zuciya yawan mazauna, a nemi a ɗauki hoto. Ni ba likita ba ce, kuma kun ga irin likitancin da na yi, don haka ba cewa nake duk mai kumatu mara lafiya ne ba. Cewa nake a tambaya, a sake tambaya, a daure wa amsar da ba a so.

Mazan kuma, ku ji tsoron Allah ku daina tausaya mana ta wannan hanya. Farin cikin da kuke kare mana na 'yan watanni ne, ku kuwa muna son ku daɗe. Ke kuma 'yar'uwa, idan kin tambayi naki ya ce ba komai, ki ce kin ji, ki ɗauko masa takalmansa.

Wassalam.